Tukwane Biyu a Bayan Kawu

Kawuna ko iyo bai iya ba ranar da ya ce zai koyi nutso. Mutum ne da ya doshi hamsin, ga tumbi, sana'arsa saro jakunkunan mata a kasuwar Shiling ta ƙasar Sin yana lodawa zuwa Kano, kuma iyakar ruwan da ya saba da shi na buta ne. Ni a lokacin ina karatu a wata jami'a a unguwar Tianhe, cikin birnin Guangzhou. Duk sanda ya shigo Guangzhou ni ne bakinsa, domin Sinancinsa bai wuce "nihaw" na gaisuwa da "lawban" wato maigida da "meyo" wato babu ba, sauran kalkuleta ke yi masa. Ran nan muna cin taliya a shagon wasu Musulmin Sin a bakin titin Huanshi Lu, sai ya ajiye cokali ya ce in nemo masa inda ake koya wa mutum shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska a baya. Na yi dariya har na ƙware. Da na ɗago na ga fuskarsa, sai na haɗiye sauran.

Na san dalilin. Kowa a danginmu ya sani, ba a dai faɗa ne. Shekara biyu kafin nan kwale-kwale ya kife a dam ɗin da ke bayan garinmu ranar kasuwa, kuma 'yarsa ta fari tana ciki, ta je gaida kakarta a tsallake tana dawowa. Masunta sun yi kwanaki suna jan ƙugiya. Sun tsamo waɗanda suka tsamo, ita ba a same ta ba. Suka ce inda jirgin ya kife tsohon kurmi ne da ruwa ya haɗiye lokacin da aka tare kogin, itatuwan suna nan tsaye a ƙasa, abin da ya shige tsakaninsu ba ya tasowa. Aka yi zaman makoki ba a yi jana'iza ba. Kawu ya zauna a kan tabarma yana amsa ta'aziyya da busasshen ido, domin 'yar fari ce, mutum ba ya kiran sunanta tana raye balle ya yi mata kuka a gaban mutane. "Yarinyar nan" yake ce mata.

Sau ɗaya tak ya faɗa min da bakinsa, a ranar taliyar nan. Ya ce, "Ko ƙashi guda ne in samo, in naɗe a likkafani in sa a ƙasa. In san inda zan tsaya in yi wa yarinyar nan addu'a." Daga nan ya kira mai shago ya ƙara masa shayi.

Na samo masa wani malamin nutso, gajeren Basine mai saurin fushi, yana koyarwa a wani kwarmin iyo mai zurfi a ƙarƙashin ginin wasanni a Tianhe. Lawshi muke ce masa, wato malam. Da yake ba ya jin Turanci, Kawu ba ya jin Sinanci, dole ni ma na shiga ruwan, kuma a haka na koyi abin da ban taɓa sha'awa ba. Kusan shekara muka yi ana abu ɗaya. Kawu ya zo saro kaya, da safe yana Shiling yana ciniki, da yamma yana cikin ruwa yana shan ruwan nan mai warin magani kamar an aiko shi. Ya ƙi sa gajeren wando, sai da aka samo masa rigar roba mai rufe jiki har idon sawu, ya shige ta da ƙyar ya fito kamar an ɗaure buhun gero. Yaran Sinawa suna leƙensa suna dariya, bai taɓa kallonsu ba. Ya iya iyo. Ya iya shaƙar iska ta baki. Muka karɓi takardar nutso da tukunya ɗaya, ni da shi rana guda.

Sai a lokacin ya sa na kwatanta wa Lawshi irin ruwan da yake so ya shiga: zurfinsa, duhunsa, da itatuwan da ke ƙasa. Bai ce in faɗi dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Lawshi ya saurara har ƙarshe, ya ce wanda ya shiga irin wannan wuri da tukunya ɗaya ya yi sallama da iyalinsa tun a gida. Sai da biyu.

Tukwane biyun a jere suke a baya, an ɗaure su da ƙarfe, wani gajeren bututu ya haɗa kawunansu. Nauyinsu a tudu sai ka ce ka goyi babban mutum. A bayan ƙeyarka akwai bawul uku, kowanne kamar kan famfo: na dama, na hagu, da na tsakiya. Na dama shi ke ba abin shaƙar da ke bakinka iska. Na hagu yana ba abin shaƙa na biyu, wanda ke rataye a wuyanka don ko-ta-kwana, kuma a jikinsa agogon da ke nuna sauran iska yake. Na tsakiya shi ne ƙofar da ke tsakanin tukwanen. In yana buɗe, iskarsu ɗaya ce. In wani gefe ya fara yoyo a ƙasan ruwa, sai ka miƙa hannu baya ka rufe tsakiyan, ka tsira da rabin iskarka. Duk amfanin tukunya biyu ke nan. Lawshi ya ce wanda hannunsa ba ya kai wa bawul ɗinsa, kaya kawai ya ɗauka.

Ya kuma yi mana bayanin da na fi tsana. In mutum ya daɗe a zurfi, iskar da yake shaƙa tana narkewa a jininsa. In ya taso a hankali, yana tsayawa a hanya, sai ta fita ta numfashi. In ya taso a guje, sai ta yi kumfa a cikin jiki kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe, kuma kumfar ba ta zaɓar inda za ta tsaya. Na fassara wa Kawu wannan sau biyu. Ya ce ya ji.

Ni hannuna yana kaiwa ba wuya. Kawu kuwa kafaɗunsa sun sandare, ta dama ma tun wata faɗuwa da ya yi a babur. Na dama da na hagu yana taɓo su da ƙyar. Na tsakiya ne bala'in. Yakan rufe shi, amma kafin ya gama murɗa shi ya buɗe, hannun ya mutu. A masaukinsa, wani ɗaki a hawa na huɗu a bayan Huanshi Lu da yake rabawa da wani Alhaji ɗan Maraɗi mai saro atamfa, ya ɗaure kan famfo a jikin katako ya rataya a baya, kullum bayan asuba yana murɗawa yana cije leɓe. Ɗan Maraɗin yana kan gado yana kallonsa.

"Alhaji, wai kai da jakunkuna ne ko kifi za ka koma kamu? Wallahi gwiwar hannunka sai ƙara take kamar tsohuwar ƙofa."

Kawu ya ce, "Kai dai ji da atamfarka."

Amma ba kafaɗar ce ta fi tayar min da hankali ba. A ƙarƙashin ruwa ba a magana, da hannu ake yi. Ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, ma'ana lafiya? Wanda aka tambaya in lafiya ce sai ya mayar da zoben. In da matsala sai ya karkaɗa tafin hannu. In iskarsa ta yanke sai ya ja hannu a maƙogwaro, ɗan'uwansa ya miƙo masa tasa. Kawu zobe kawai ya sani. Gilashin fuskarsa ya cika da ruwa, zobe. Ƙafarsa ta ɗaure, zobe. Ran nan kunnensa ya ƙi buɗewa har jini ya fito masa ta hanci, na ga jan a cikin gilashin da idona, Lawshi ya tambaye shi, ya yi masa zobe. Da muka taso Lawshi ya doki ruwa da tafin hannu ya ce in gaya wa kawuna wannan alamar ba gaisuwa ba ce. Na gaya masa, ban rage komai ba.

Kawu ya share hancinsa ya ce, "To in ce masa me? Mutum ya tambaye ka lafiya, sai ka zauna kana jera masa ciwo kamar tsohuwa?"

Na ji haushinsa, har yau ina ji. Amma haka aka raine mu. Ka je duba mutum yana kwance ido ya kafe, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Ka tarar da gidan mutum yana ci da wuta ka gaishe shi, lafiya lau zai fara ce maka. Muna kiran abin haƙuri, muna yabon mai shi, kuma a tudu ba ya kashe kowa nan take, domin akwai mai lura da kai ya gane ƙarya kake. A ƙasan ruwa fuskarka a rufe take, hannun nan kaɗai ake gani.

Gwajin ƙarshe a wani tsohon ramin fasa dutse aka sa shi, can gaba da Huadu, wanda ruwa ya cika shekaru da yawa. Lawshi ya faɗa tun da wuri: wanda bai rufe bawul ukun nan ya buɗe da hannunsa ba, ba takarda, sai ya sake dawowa. Kawu kuwa ya riga ya sa rai da ranin nan, lokacin da dam ɗin ke janyewa. Ya sayi nasa tukwanen, an cusa su a kwantena tsakanin kwalayen jakunkuna, suna kan teku. Da safe muka wuce masana'antun Shiling a mota, warin fata da gam yana shigowa ta taga, yana nuna min inda ya fi samun rangwame kamar kasuwa za mu.

Ruwan kore ne, ga sanyi. Muka fara sauka kan wani dandamalin dutse mara zurfi, inda za a yi gwajin. Na yi nawa. Kawu ya rufe na dama ya buɗe, ya rufe na hagu ya buɗe, ya rufe na tsakiya. Na ga hannunsa a baya yana motsi, ya daɗe, sannan ya sauko da shi. Lawshi ya nuna masa ƙeya, ya yi masa zobe: ka buɗe? Kawu ya mayar da zoben.

Muka bi igiya zuwa ƙasa. Zurfin ya kai tsayin dogon bene. Haske ya riƙa raguwa har ya zama sai fitila, kuma abin da fitilar ke nunawa bai wuce tsawon hannu biyu ba. A ƙasa laka ce, da tsohuwar taya, da wani busasshen icce da ke tsaye tun kafin ruwa ya zo. Kawu ya nufi iccen nan. Ya zagaya shi a hankali, ya sa hannu a lakar gindinsa yana lalubawa, laka ta tashi ta rufe shi har kafaɗa. Na san abin da yake gwadawa. Tausayinsa ya kama ni, na kau da fitilata.

Mun daɗe a can, har lokacin juyawa ya kusa. Da na sake haska shi sai na ga kumfa ba ta fita daga bakinsa. Yana jan abin shaƙar, ƙirjinsa yana ɗagawa, ba komai. Tukunyar dama ta ƙare. Abin shaƙa na biyu yana nan a ƙarƙashin haɓarsa, da tukunya guda cike a bayansa. Ni kuma ina gabansa, na riga na cire nawa daga baki ina miƙa masa. Ya kalle ni. Idanunsa sun firfito cikin gilashin. Ko a lokacin bai ja hannu a maƙogwaro ba. Sai ya harba ƙafa ya yi sama. Lawshi ya cafki takalminsa na iyo, takalmin ya zame ya bar shi da shi a hannu.

Na yunƙura zan bi shi, Lawshi ya damƙe ni ya manna hannuna a igiya. Haka muka taso, muna tsayawa, muna jira, muna ƙara tsayawa. Ban taɓa jin tsanar wani mutum kamar yadda na tsani Lawshi a kan igiyar nan ba, alhali na san gaskiyarsa ce. Ina kallon sama, koren ruwa ne kawai, ban san ko gawa zan tarar ba.

Muka same shi ya rungume dutse a bakin ramin yana tari. Na ce, "Kawu! Kawu!" Ya ce, "Lafiya lau, ɗan nan. Ruwa na ɗan sha." Lawshi ya zagaya bayansa ya murɗa bawul ɗin tsakiya. Muka ji iska ta kwarara daga tukunyar hagu zuwa ta dama, tana huci, ta daɗe tana yi.

Lawshi ya kwantar da shi ya sa masa iskar asibiti da yake yawo da ita a mota. Ya sa na tambaye shi ko yana jin ciwo a gaɓoɓi, ko wani wuri ya yi masa nauyi, ko fata tana masa ƙaiƙayi. Babu, babu, babu. Lawshi ya ce duk da haka asibiti za mu, yanzu. Kawu ya cire abin daga fuskarsa ya miƙe, ya taka zuwa mota ya dawo, ya ɗauki jakarsa da kansa don a gani. Ya ce asibitin me, mutum da ƙafafunsa. Nan na ɗaga masa murya, karon farko a rayuwata. Na ce wallahi ko ya so ko ya ƙi sai ya je. Ya tsaya ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ni kake yi wa tsawa a gaban baƙo?"

Lawshi ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe, amma ba a ɗaukar ƙaton mutum a cusa shi a asibiti yana tirjewa. Ya rubuta min inda za mu je in abu ya canza. A mota Kawu ya riƙa gyara zama, yana kai hannu ƙugunsa. In na juyo sai ya sauke hannun ya kalli taga.

Mun iso masauki dab da magariba. Ya hau benen nan da kansa, yana riƙe da ƙarfe, yana tsayawa wai yana amsa gaisuwar mutane. A ɗakin nasu, 'yan kasuwa sun taru kamar kullum, an shimfiɗa kwali da darduma, ɗan Maraɗin ya shige gaba. Ina gefen Kawu a sahu. A raka'a ta biyu muka yi sujada, liman ya yi kabbara, kowa ya ɗago, shi bai ɗago ba. Na ɗauka addu'a yake. Aka sake kabbara. Sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, goshinsa a kan darduma.

"Ɗan nan. Ƙafafuna ba sa ji na."

Na sallame sallar. Mu huɗu muka sauko da shi a kan bargo, ɗan Maraɗin yana riƙe da kansa yana salati. A asibitin da Lawshi ya rubuta min aka shigar da shi wani ɗakin ƙarfe kamar tankar mai, aka rufe, aka matsa masa iska don kumfar ta koma ta narke. Akwai 'yar taga mai kauri, ta nan nake ganinsa a kwance yana kallon rufi. Kwanaki aka yi ana shigar da shi ana fito da shi. Likitan ya ce kumfar a lakar bayansa ta tsaya. Ya ce da daga bakin ruwan aka kawo shi, da wataƙila magana ta bambanta. Ya ce zai yiwu ya taka da sanda nan gaba, amma nutso ya ƙare masa har abada. Ni ne tafinta, don haka daga bakina Kawu ya ji. Haka kuwa aka yi, ƙafar dama ta dawo daga baya, ta hagu jan ta yake. Amma wannan sai bayan watanni.

Wata rana da la'asar ina ba shi kunun da matar wani ɗan Kano ta dama mana, na tambaye shi ko ya san bawul ɗin a rufe yake. Ya ce ya sani tun a kan dutsen, hannun ne ya mutu. A ƙasa ma ya ga allurar agogon ba ta motsa ba. Ya ɗauka tukunya ɗayar za ta kai shi.

Na ce, "To me ya hana ka faɗa, Kawu?"

Ya ce, "Da ya hana ni takardar."

Na ajiye kofin, ban san ko fushi nake ji ko kuka ne ke zuwa ba. A gadon kusa wani tsoho Basine yana sauraron rediyo. Can Kawu ya gyara murya, bai kalle ni ba.

"Tukwanen sun kusa isa Legas. Kai hannunka yana kaiwa."

Na gane. Tunda nake da shi bai taɓa roƙona komai ba, umarni yake bayarwa, kuma ko wannan bai iya ƙarasa shi ba. Na tuna iccen nan a cikin laka, na ƙiyasta kurmi guda irinsa, cikin ruwan da fitila ba ta ratsawa, da shekarun da suka wuce. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, tun ranar ko wanka nake in ruwa ya rufe min fuska sai gabana ya faɗi. Na so in ce in sha Allahu, in bar shi da wannan. Amma na san zai riƙe maganar, ya ƙirga watanni, ya sa a kai shi bakin dam ya zauna yana jirana.

Na ce, "Kawu, ba zan iya ba. Ba zan shiga ba."

Ya ce, "To." Ya juyar da fuskarsa bango. Na zauna ina kallon ƙeyarsa, furfurar da ban lura ta yi yawa haka ba. Har na ɗauka barci ya yi, sai ya ce, "Duba min ko ƙafafun nan a rufe suke."

A buɗe suke, sun yi sanyi ƙalau. Na ja mayafin na rufe su.